Miriam Makeba: auren da ya rufe mata kasuwar Amurka

A shekara ta 1967 babu wata mawaƙiyar Afirka da sunanta ya kai na Miriam Makeba a ƙasar Amurka. Waƙarta Pata Pata ta shiga jerin waƙoƙi 20 da suka fi kasuwa, gidajen rediyo suna sa ta dare da rana. Shekara guda kafin nan ta samu kyautar Grammy tare da Harry Belafonte, mawaƙin da ya kama hannunta tun zuwanta. A 1968 sai ta yi aure, kuma cikin ƴan watanni abin da ta ɗauki shekara 9 tana ginawa ya rushe.

Ya kamata mai karatu ya san cewa Amurka ba wurin yawon buɗe ido ba ce gare ta. An haife ta a Johannesburg cikin 1932, ta bar Afirka ta Kudu a 1959. Da uwarta ta rasu a 1960 ta nemi komawa gida jana'iza, sai ta tarar gwamnatin wariyar launin fata ta soke mata fasfo. A 1963 ta tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya ta tona asirin wannan mulki, aka haramta faya-fayanta a ƙasarta. Ke nan Amurka ce gidanta, ita ce kuma gonarta.

Angon shi ne Stokely Carmichael, haifaffen tsibirin Trinidad, wanda ta girma da shekara 9. Ya shugabanci ƙungiyar ɗalibai masu fafitikar ƴancin baƙar fata, kuma shi ya yayata kiran nan na Black Power a 1966, wato iko a hannun baƙar fata. Ƴan sandan ciki na FBI suna biye da sawunsa duk inda ya sa ƙafa. Soyayyarsu ta ƙullu a Konakiri, da fari a ɓoye. Da suka fito fili, lokacin bai yi musu daɗi ba: a ranar 4 ga Afrilu na 1968 aka kashe Martin Luther King, tarzoma ta ɓarke a garuruwa fiye da 100, turawa da dama kuma suna kallon Carmichael a matsayin mai hura wutar.

Babu wata doka da aka kafa a kanta, babu alƙalin da ya kira ta. Masu shirya wasanni ne suka riƙa soke alkawari ɗaya bayan ɗaya, kamfanin faya-faye na Reprise ya janye jikinsa, gidajen rediyo suka yi shiru. Ƴan kasuwa sun san irin wannan hukunci: ba a rufe maka shago, masu saye ne kawai suke canza hanya.

Abin lura a nan shi ne, Makeba ba ta soma siyasa ranar aurenta ba. Shekara da shekaru tana sukar wariyar launin fata, ƴan kallo na Amurka suna tafa mata, domin laifin da take faɗi na wata ƙasa ne mai nisa. Ranar da ta ɗaura aure da mai faɗin laifin Amurka kanta, sai tafi ya tsaya. Muryarta tana nan yadda take, waƙoƙinta ba su sake ba. A ganina ta san mutumin da take aura, ta kuma san ƙasar da take ciki. Abin da wataƙila ba ta auna ba shi ne saurin da za a juya mata baya.

Ma'auratan suka koma Gine bisa gayyatar shugaba Ahmed Seku Ture, inda mijin ya ɗauki sunan Kwame Ture. Nan ta zauna kimanin shekara 15. Ta yi faya-faye da kamfanin gwamnati na Syliphone, ta rera waƙa da harsunan ƙasar irin su Malinke da Susu, ta yi wasa a bikin al'adun Afirka na Aljer a 1969, a Kinshasa a 1974, da FESTAC na Legas a 1977. Har wakiliyar Gine ta zama a Majalisar Ɗinkin Duniya. Afirka ta ƙaru da ita ƙwarai, wannan ba gardama. Sai dai inuwar da ta fake ciki tana da ƙaya: mai masaukinta shi ne mai kurkukun Boiro, inda Diallo Telli, sakataren farko na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, ya mutu da yunwa a 1977. Mawaƙin da ya rasa kasuwa yakan koma hannun mai mulki, kuma mai mulki ba ya ciyarwa a banza.

Auren da aka biya wa wannan tsada bai kai ƙarshen shekarun 1970 ba. Carmichael ya ci gaba da zama Konakiri har rasuwarsa a 1998. Ita kuwa, bayan mutuwar Seku Ture a 1984 da ta ɗiyarta ɗaya tilo, Bongi, a 1985, ta tattara ta koma Beljik.

Sai a 1987 manyan dandalin Amurka suka sake buɗe mata ƙofa, lokacin da Paul Simon ya ɗauke ta rangadin Graceland tare da Hugh Masekela, mai busa ƙaho, wanda shi ma tsohon mijinta ne daga 1964 zuwa 1966. Ta bar kasuwar tana da shekara 36, ta dawo tana da 55. A 1990, bayan sakin Nelson Mandela, ta taka ƙasar haihuwarta, shekara 31 da fitarta. Ta rasu cikin watan Nuwamba na 2008 a Castel Volturno, ƙasar Italiya, inda zuciyarta ta buga jim kaɗan bayan ta gama rera Pata Pata.