Faɗuwar Kulob Zuwa Rukuni Na Ƙasa

Mu malamai mun san baƙin cikin yaron da aka mai da shi ajin baya. To, haka abin yake ga masu son ƙwallon ƙafa idan kulob ɗinsu yana bakin faɗuwa.

Ga yadda tsarin yake a Ingila. Kulob 20 ne a babban rukuni, kowanne yakan yi wasa 38 a shekara. Wanda ya ci yana samun maki 3, in an yi kunnen doki kuwa maki 1. A ƙarshe uku na ƙasa sai su sauka rukuni na biyu, waɗansu uku su hau gurbinsu.

Me ya sa ake tsoro haka? Domin kuɗin talabijin yakan ragu ƙwarai, gwanayen 'yan wasa su watse, abokan gāba kuma su yi ta ba'a. Girma ba ya hana faɗuwa. Kano Pillars ta ɗauki kofin Nijeriya a 2008, 2012, 2013 da 2014, amma ta faɗi a 2022, sa'an nan ta komo a 2023.

Duk da haka ba a fid da rai. A 2015 Leicester City tana can ƙarshen jeri, sai ta ci wasa 7 cikin 9 na ƙarshe, ta tsira. A 2016 kuwa ita ce zakarar Ingila.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada mu yanke wa yaro ƙauna tun shekara ba ta ƙare ba. In da rai da rabo.