Haƙarƙarin Ƙarfe Mai Girma Tare da Yaro

Huhun yaro ba ya wuce ɗakin da ƙirji ya ba shi. Ranar haihuwa, cikin ƙirjin jariri bai fi kashi 6 cikin 100 na girman na babba ba. A shekara 5 ya kai wajen kashi 30, a shekara 10 rabi. A shekarun fari ne 'yan jakunkunan iska na huhu suka fi yaɗuwa. In ƙirji ya matse a lokacin, abin da huhu ya rasa da wuya ya dawo.

Akwai yaran da ake haifa haƙarƙarinsu a manne da juna, wasu babu wasu haƙarƙarin sam, wasu kuma ƙirjin tsukakke ne kamar wuyan gora. Wannan na ƙarshe shi ne ciwon Jeune, sunan likitan Faransa da ya bayyana shi a 1955. Gadonsa ake yi irin na sikila: sai yaro ya ɗauko daga uwa da uba duka.

A da, idan ƙashin bayan irin waɗannan yara ya karkace, haɗe gaɓoɓinsa ake yi da wuri don kada karkatar ta ƙaru. Karkata takan tsaya, amma ƙirji ma ya daina tsawo. A ganina nan ne kuskuren ya fi ciwo: ido yana kan baya, an manta da numfashi.

A 1987, a San Antoniyo ta jihar Tekzas a Amurka, likitan ƙashi Robert Campbell da likitan tiyatar yara Melvin Smith suka karɓi jariri da aka haifa babu haƙarƙari da dama a gefe guda. Sandunan ƙarfe na gyaran karaya suka lanƙwasa suka yi masa bango, ya rayu. Sai dai yaro yana girma, ƙarfe ba ya yi. Daga nan suka ƙera VEPTR, sandar taitaniyom da ake maƙalawa a tsaye, daga haƙarƙari zuwa haƙarƙari, ko zuwa ƙashin baya ko ƙugu. A raba ƙasusuwan da suka manne, sandar ta tokare su a buɗe. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2004.

Nauyin da ke kan iyali shi ya fi tsaya mini a rai. Kusan duk wata 6 sai an koma ɗakin tiyata, a sa yaro barci, a ɗan tsaga fata a ƙara wa sandar tsawo, haka har girmansa ya tsaya. Wurin yakan harbu, ƙugiyar sandar takan zame daga ƙashi, fatar ramammen yaro takan gaza rufe ƙarfen. Shi ya sa likitoci ke matsa wa iyaye kan ciyarwa tun kafin aiki. Huhun ma ba safai yake komawa kamar na kowa ba, ko da yake wasu yaran sun rabu da na'urar numfashi.

Akwai hanyar rage yawan komawa ɗakin tiyata: tun 2014 Amurka ta amince da sandunan ƙashin baya masu maganaɗisu, waɗanda ake ƙara wa tsawo daga bayan fata ba tare da yanka ba, yaro yana kwance idonsa biyu.