Agogonka Ya Ce Ka Ƙona Kalori 500, Amma Shi Wa Ya Faɗa Masa?

Wani abokina da muke ɗaki ɗaya a makaranta ya sayi agogon zamani a zangon karatun da ya wuce, irin mai ƙirga taku da bugun zuciya. Tun daga ranar ba mu huta ba. Kullum da sassafe zai zagaya filin ƙwallo, ya dawo ya ɗora hoton fuskar agogon a WhatsApp: kalori 500 sun tafi. Da dare kuma sai ka same shi wurin mai shayi, indomi biyu, ƙwai uku, ga lemon kwalba a gefe. In ka yi magana sai ya ɗaga maka hannu ya ce, “Malam, ai na biya kuɗinsu tun da safe.” Bayan wata biyu ya hau sikeli, nauyinsa na nan inda ya bar shi. Wannan ne ya sa na bi diddigin lambar nan.

Juya agogonka ka duba bayansa, za ka ga wani koren haske yana ƙyaftawa. Jini yana shanye koren haske, don haka duk lokacin da zuciya ta buga, jini ya ƙaru a tsintsiyar hannu, hasken da ke komawa wa agogon yakan ragu. Da wannan yake ƙirga bugun zuciya. Kalori kuwa ba ya ganin su sam. Lissafi yake yi: ya haɗa bugun zuciyarka da motsin hannunka da shekaru, jinsi, tsawo da nauyin da ka shigar, sai ya yi kintace. A ɗakin gwaji, ana auna kalori ne ta hanyar sa wa mutum takunkumi a fuska, a auna iskar oksijin da ya shaƙa da wadda ya fitar ta kabon.

A 2017, masu bincike a Jami’ar Stanford ta Amurka sun gwada na’urori bakwai, ciki har da Apple Watch, Fitbit Surge da Samsung Gear S2, a jikin mutum 60, suna zaune, suna tafiya, suna gudu, suna tuƙa keke. Wajen bugun zuciya, shida daga cikin bakwai sun yi ƙoƙari, kuskurensu bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. Wajen kalori kuwa babu wadda ta fita kunya. Wadda ta fi kowa daidai ta kauce da kashi 27 cikin ɗari, ta ƙarshe kuma da kashi 93. To ka lissafa: ko mai dama-daman ce a hannunka, 500 ɗin nan na iya zama da kuskuren sama da kalori 100, ko sama ko ƙasa. An fitar da sababbin agogo tun daga lokacin, amma hanyar dai ita ce: kintace daga bugun zuciya da motsi.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Binciken ya nuna kuskuren ya fi yawa ga maza, ga masu jiki, da kuma masu duhun fata. Fata mai duhu ita ma tana shanye wani ɓangare na koren hasken, sai saƙon da ke isa ga agogon ya yi rauni.

Sannan zuciya ba motsa jiki kaɗai ke sa ta gudu ba. Zafin rana, ƙishirwa, kofi, tsoro, har fargabar jarrabawa, duk suna ɗaga ta ba tare da ka ƙona wani abin kirki ba. Ka yi gudu cikin zafin Afrilu, agogo zai ga zuciya na dukan uku-uku, ya ƙara maka lamba. Wasu agogunan kuma suna haɗawa da kalorin da jikinka zai ƙona ko da kana kwance kana danna waya.

Ba cewa nake ka jefar da agogonka ba fa. Yana da amfani in ka san iyakarsa. Ka ɗaura shi ya kama hannu sosai, ɗan sama da ƙashin tsintsiya. Ka shigar da nauyinka na gaskiya, ba wanda kake fata ba. Ka zaɓi irin atisayen da kake yi kafin ka fara. Ka riƙa kwatanta makonka na yanzu da na baya a agogo ɗaya, kada ka kwatanta da lambar wata ƙawa a Instagram, don kowane kamfani da nasa lissafin. Mafi muhimmanci, kada ka mayar da lambar nan takardar izinin ci. Lemon kwalba mai sukari na 50cl kaɗai ya kai kusan kalori 200, kuma shi wannan a rubuce yake a jikin roba.

Abokina dai har yanzu yana gudunsa da safe, agogon ma na hannunsa. Bugun zuciya da mintunan da ya yi yake dubawa yanzu, indomin dare kuma ya koma ɗaya.