Ajin Share Fage a Bakin Kanal: Abin da Gardamar Turanci Ta Tsallake

Tun da Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar a watan Nuwamba na 2025 cewa an soke tsarin koyarwa da harshen uwa da aka amince da shi a 2022, ake ta ka-ce-na-ce. Wasu iyaye har murna suka yi, wai yanzu yaro zai fara Turanci tun yana ɗan shekara uku. Sun ɗauka aikin ajin share fage shi ne haddace ABC da cika littafi da rubutu. Ba shi ba ne.

A takarda komai a tsare yake. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta haɗa da rainon ƙananan yara, manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 kuma ta tanadi shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya, da malami ɗaya ga yara 25, da koyarwa ta hanyar wasa. Abin da ake so ke nan: yaro ya yi magana, a saurare shi, ya taɓa abu, ya ƙirga, ya ci, ya yi barci.

To, mu leƙa Kura da Bunkure a jihar Kano. Tun da aka gina madatsar Tiga a zamanin Audu Bako, ruwa ya biyo kanal ya ratsa Kadawa, noma ya daina jiran damina. Shinkafa na fita, alkama da tumatir da albasa na shiga. Uba na gona, uwa na bakin tukunyar gumi ko tana shanya, ɗan shekara huɗu kuwa an bar wa yayarsa 'yar shekara takwas, wadda ita ma ta rasa makaranta saboda raino. Ina suke yini? Bakin kanal, inda ake kwasar tsargiya, har wasu na ɗaukan fitsarin jini alamar girma ce ga ɗa namiji. An kashe kuɗi masu yawa ƙarƙashin shirin TRIMING na Bankin Duniya wajen gyaran magudanan nan. Madalla. Amma yaran da ke wanka a cikinsu fa?

Abin haushin shi ne, muna da manhajarmu tun kafin zuwan boko, muka yi watsi da ita. Yarinyar da ke carafke tana jefa dutse sama tana kwashe na ƙasa, ɗaya, biyu, uku, lissafi take yi, tana kuma horar da yatsun da za su riƙe alƙalami gobe. Langa na koyar da daidaita jiki. Kacici-kacici na sa yaro ya kwatanta abu da abu. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi na koya masa cewa labari na da farko da tsakiya da ƙarshe, wanda shi ne tushen fahimtar karatu. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara irin waɗannan a jerin littattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni domin 'yan makaranta. Malaman share fage nawa ne a yankin nan suka taɓa riƙe ko guda? A Ile-Ife ma, gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya fara a 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarbanci ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin.

Kayan aiki kuwa ba sai an yi odarsu daga Legas ba. Ga laka a bakin gona ta gina shanu da tukwane, ga kara na ƙera mota, ga murafan kwalba na ware launi. A ba kowane yaro gwangwani ya shuka ƙwayar wake, ya riƙa ba ta ruwa yana auna tsayinta da tsinke. A koya masa wanke hannu da sabulu, a faɗa masa da Hausa, ƙarara, dalilin da ba a shiga kanal.

Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a watan Yunin 2024. Ya kamata hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ta faɗa mana firamare nawa ne a Kura da Bunkure da Garun Malam ke da ajin share fage mai tabarma da ruwan sha da malama horarriya. Ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa, da ke iya tara kuɗin yashe kanal, su ma ba za su gaza kafa rumfa da biyan mai raino a lokacin dashe da girbi ba.