Idan Ruwan Shuka Ya Faɗo Ranar Sujada

A ƙasar Gwiwa da Roni, can arewa maso yammacin Jigawa, damina ba ta da tsawo; tsakanin Yuni da Satumba ake yin ta a gama. Ruwan shuka kuwa ba ya jiran kowa, domin rana na buga jigawa kwana biyu danshi ya gudu. To, a ce ruwan ya kwana yana zuba daren Asabar wayewar Lahadi. Gari na wayewa maƙwabta sun saɓa sungumi, yara na biye da ƙwaryar iri, shi kuwa manomi Kirista majami'a ce ke jiransa. A irin wannan safiya ce koyarwar nan ta fifita lokacin Allah bisa hidimar yau da kullum, wadda ke da sauƙi a bakin mai wa'azi, take nuna tsadarta.

Kiristocin wannan yanki 'yan tsiraru ne a cikin Musulmi, amma ba baƙi ba ne. Tun zamanin Turawa mishan ɗin SIM ta zauna a Roni har ta buɗe makarantar kwana ta yara maza, daga aikin wannan mishan kuma ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Kafin nan, a 1932, an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Mila na Wusasa ya ba da ƙarfinsa a kai. Manomin da ya buɗe littafin sai ya tarar an san damuwarsa tun tuni: a Fitowa 34:21, dokar hutun rana ta bakwai ta ambaci lokacin huɗa da lokacin girbi da sunansu, wato daidai kwanakin da mutum zai fi son a ɗaga masa ƙafa.

Mai ja zai ce wannan hanyar yunwa ce, ko kuma mafakar malalaci. Maganarsa na da ƙamshin gaskiya, don akwai masu fakewa da addu'a su bar ciyawa ta cinye yabanya. Sai dai littafin bai goyi bayansu ba; manzo Bulus ya gargaɗi mutanen Tasalonika cewa wanda ya ƙi aiki bai cancanci tuwo ba. Abin da ake nema shi ne wanne ke gaba, ba wanne ya fi cin awoyi ba. Markus ya ba da labarin yadda Yesu, bayan ya kai dare yana warkar da marasa lafiya, ya tashi tun da sauran duhu ya keɓe don addu'a, sa'an nan ya koma cikin jama'a. Musulmin da ke maƙwabtaka da manomin ya fi kowa gane wannan, tun da sallar asuba ba ta taɓa hana shi noman firi ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne alkawarin da wasu masu wa'azi ke yi, wai duk wanda ya bar gona ranar Lahadi rumbunsa sai ya cika. Ana iya yin hasara, danshi na iya wucewa. Mai tsayawa sujada yana furtawa ne da jikinsa cewa ba fartanyarsa ke saukar da ruwa ba, kuma furucin da ba a biya komai a kansa ba ba shi da nauyi. Haka nan bai kamata a harari talakan da ya fito sujada ya zarce gona da yamma ba, tun da Yesu da kansa ya tuna wa masu tsanantawa cewa bijimin da ya faɗa rijiya ranar hutu ciro shi ake yi.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi, a ganina, daga madafi yake fitowa. Sa'ad da maigida ke zaune kan tabarma da littafinsa, wa ke hura wuta, wa ke surfe, wa ya tafi ɗiban ruwa da goyo a baya? Sau da yawa natsuwar namiji da gumin mace ake sayen ta. Masu wa'azi na son labarin Marta da Maryamu a Luka sura 10, sukan kuma juya shi ya zama faɗa ga mata masu yawan hidima. Alhali abin da ya faru shi ne an kare haƙƙin mace ta bar aikin baƙi ta zauna ta saurara kamar kowane almajiri. Taron Zumuntar Mata na mako-mako a majami'a ya ɗan rage wannan giɓi, amma bai isa ya maye addu'ar kullum ba. A gidan da ake son mace ta samu ko da kwata ɗin awa, dole wani ya karɓi goyon, wani ɗan saurayi ya ɗauki jarka ya nufi famfo kafin rana ta fito.