Birnin Rum da Birnin Yakubu

Kowane ɗalibi da ya zauna ajin tarihi ya ji labarin birnin Rum na ƙasar Italiya. An nuna mana hotunan gine-ginensa, mun riƙe baki muna mamaki. Amma in aka ce mu lissafa ƙofofin birnin Bauchi, da yawa cikinmu sai susar ƙeya, alhali kuwa daga nan Ɗan Iya ba wata tafiya ba ce. Saboda haka bari mu jera biranen nan biyu, mu ga abin da za mu koya.

Mu fara da ganuwa. A shekarar 271 Sarkin Rum Aureliyan ya fara kewaye birninsa da garu, tsawonsa wajen mil 12, don tsoron mahara daga arewa. Haka nan Malam Yakubu, bayan ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, ya kafa birnin Bauchi a 1809, aka zagaye shi da ganuwa ta wajen mil 6 da rabi. Aka yi mata ƙofofi, irin su Ƙofar Ran, da Wunti, da Nassarawa, da Jahun, da Dumi, da Inkil, da Tirwun. Dalili ɗaya ne ya tā da ganuwar nan biyu, watau neman jama'a su kwana lafiya. Bambancin shi ne Rumawa sun yi tasu da ƙonannen bulo da irin simintinsu, kakanninmu kuwa da jar ƙasa.

To, kada wani ya zaci ginin ƙasa aikin rashin sani ne. Wanda ke shakka ya tafi Kafin Madaki, arewa da Bauchi a kan hanyar Ningi, ya dubi gidan da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wa Madakin Bauchi wajen 1860. A 1956 Gwamnati ta sa gidan nan cikin kayan tarihin Nijeriya waɗanda doka ta tsare.

Ga yadda gwanintar take. Magini yakan kwaɓa ƙasa da ciyawa, ya mulmula tubali, ya shanya, sa'an nan ya jera shi da kwaɓi. Wahalar tana wajen rufi. Azara, wadda ake faskarowa daga giginya, gara ba ta cika cinta ba, amma ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ɗaki ya wuce kamar ƙafa 6. Yaya ke nan za a rufe babban soro? Sai magini ya kafa azara cikin bango hagu da dama, ya ɗaura wata bisa wata da igiya, kowace tana ɗan zarce ta ƙarƙashinta, har su haɗu a tsakiya. A yaɓe su da ƙasa, sai ga bakan gizo ya fito. In bakuna suka gitta juna, shi ne ɗaurin guga. Daga nan a shafe da makuba ko laso don ruwa, a sa indararo. Rumawa ma da baka suka yi suna, sai dai nasu na dutse da bulo ne, ɗaya na danne ɗaya, namu kuwa itace ne ke ɓoye cikin ƙasa yana riƙe da kayan.

Sauran abu guda, shi ne ma ya fi muhimmanci. A Rum akwai wani gini mai ƙubba, ana ce da shi Fantiyon, faɗin ƙubbar ƙafa 142. An gama shi wajen shekarar 125, har yau yana tsaye, domin tun 609 aka mai da shi coci, ba a daina shiga ana gyarawa ba. Amma babban filin wasansu, Kolosiyum, da aka yi watsi da shi, sai mutanen gari suka yi ta kwashe duwatsunsa suna gina gidaje. Ashe ba ruwan sama kaɗai ke cin gini ba. Abin da ya sami ganuwarmu ke nan: damina ta zaizaye, masu neman ƙasar gini suka haƙa, gidaje suka hau. In dutse ya sha wannan wuya, ina ga ƙasa, wadda ke bukatar yaɓe a kai a kai? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

'Yan'uwa, gobe mu ne malaman makaranta. Yaron da bai san darajar abu ba, ba zai hana a rushe shi ba in ya girma. Don haka in mun kama aiki, mu fita da yara su ga abin da ya saura. Su auna kaurin bango da igiya, ga darasin lissafi. Su zana bakan gizo, ga darasin zane. Su gai da tsohon magini, su tambaye shi sunayen kayan aikinsa, su rubuta, ga darasin Hausa da tarihi. Bayan haka in muka buɗe musu hoton Rum, za su dube shi da idon wanda shi ma yana da nasa a gida.

Allah ya ba mu ikon riƙon abin da muka gāda, amin.