Yadda Saiwar Tsiro Ke Shan Ƙarfe

Kalmar ƙarfe a Hausa tana da faɗi, gama ta haɗa baƙin ƙarfe da tagulla da tutiya da dalma. Wanda a ke nufi a nan shi ne baƙin ƙarfe, irin na maƙera. Kowane tsiro yana bukatarsa, in ya rasa shi kuwa sai sababbin ganyayensa su koma rawaya, jijiyoyin ganyen kaɗai su saura kore.

Ba wai ƙarfen ne ya ke da wuya a ƙasa ba, domin ya kai wajen kashi 5 cikin 100 na ɓawon duniya, shi ne ma ya ke sa marmara ta yi ja. Sai dai saiwa ba ta shan kome sai wanda ya narke a ruwa, ya rabu ƙwaya-ƙwaya. Irin wannan ƙwaya mai ɗauke da cajin lantarki ita masana ke kira ayon. Ayon ɗin ƙarfe iri biyu ne: mai caji uku, wanda ya fi yawa amma da ƙyar ya ke narkewa, balle a ƙasa mai alli, da kuma mai caji biyu, wanda ke narkewa da sauƙi.

A shekarar 1986 Römheld da Marschner na Jamus suka kasa tsire-tsire gida biyu bisa ga dabarar da su ke yi. Gida na farko ya ƙunshi gyaɗa da wake da tumatir da sauran masu faffaɗan ganye. Saiwarsu takan fitar da tsami ta narkar da ƙarfen, sa'an nan ta mai da mai caji uku ya zama mai caji biyu, kana ta shigar da shi ta wata kafa da ke jikin fatarta. Aibin wannan hanya ɗaya ne, watau alli yakan kashe tsamin, kamar yadda kanwa ke kashe tsami a tukunya.

Gida na biyu dangin ciyawa ne, irin su gero da dawa da masara da alkama da sha'ir. Su kan tsatso da wani sinadari wanda ke kama ƙarfe mai caji uku, saiwa ta janye su tare. Takagi na Japan ne ya bayyana wannan sinadari a 1976. Alli bai cika hana shi aiki ba. Amma ba dukansu ne ƙarfinsu ɗaya ba: sha'ir ya fi fitar da shi, dawa da shinkafa kuwa kaɗan su ke fitarwa. Ita shinkafa har wa yau tana shan mai caji biyu kai tsaye, saboda yawansa a ƙasar da ruwa ya kwanta.

Sanin wannan yana da amfani ga noma. A arewacin Sin an gwada cewa gyaɗar da aka shuka tare da masara a ƙasa mai alli ba ta cika yin rawaya ba, domin tana cin moriyar abin da saiwar masara ta tsatso.

Akwai kuma hatsari. Kafofin nan na saiwa ba su iya tantance ƙarafa sosai ba, saboda haka kadmiyam, wanda guba ne, yakan bi ta kafar baƙin ƙarfe ko ta manganis ya shiga. A lardin Toyama na Japan an yi ban ruwan shinkafa da kogin Jinzu, wanda dattin ma'adinai ya ɓata, mutane suka ci, ƙodarsu ta lalace, ƙasusuwansu suka yi laushi. A 1968 gwamnatin ƙasar ta tabbatar kadmiyam ne sanadi. Don haka ya kamata malami ya nuna wa ɗalibansa cewa lambun da a ke shayarwa da ruwan masana'antu, ko da ganyensa ya yi kore shar, wannan ba shaida ba ce ta cewa lafiyayye ne ga mai ci.